Yadda Ake Gina Dandamalin 'Yan Sojojin Wasan Yaƙi na Kan Tebur da Yi Masa Fenti

Ɗan sojan roba ko na ƙarfe, irin na wasan yaƙin kan tebur, da aka kwana uku ana yi wa fenti, in aka tsayar da shi a kan baƙin faifan roba haka nan tsirara, tamkar ango ne da ya sha babbar riga ya fito ba takalmi. Faifan nan na ƙarƙashin ƙafarsa shi ke gaya wa mai kallo inda sojan yake, ko kan dutse, ko cikin taɓo, ko tsakiyar kango. Faifan da aka gina wa ƙasa da duwatsu da ciyawa shi za mu riƙa kira dandamali. Mazaunin Jos kuwa ba ya bukatar hoton wata ƙasa don ya kwaikwaya, abin koyi na nan bakin ƙofarsa: jar marmara, duwatsun Riyom da suka hau kan juna, kududdufan kuza na Rayfield da Bukuru, da shingen ƙerana da ke kewaye gonaki.

Abu ɗaya za ka riƙe tun daga farko har ƙarshe: dandamali yaron soja ne, ba ubangidansa ba. Duk abin da ka ɗora a kai, in ya janye ido daga kan sojan, ya yi yawa.

Girman faifai da lissafin yashi

Kafin ka taɓa gam, duba dokar wasan da kake bugawa, domin daga bakin faifai ake auna tazara. A Warhammer 40,000, wanda kamfanin Games Workshop na Nottingham a Ingila ya fara fitarwa a 1987, ƙananan sojoji kan tsaya a faifai mai faɗin milimita 25 ko 32, manya kuma 40, 50 ko 60. A Bolt Action, wasan Yaƙin Duniya na Biyu, sojan ƙasa milimita 25 ne nasa. In ba ka da faifan kamfani, washar ƙarfe ta masu sayar da noti tana yi, ka toshe ramin tsakiyar da kwali mai kauri. Falankin MDF mai kaurin milimita 3 ma yana yi in ka sami mai yanka maka shi daidai. Kwali zalla kam kada ka soma, da ya sha gam yake lanƙwashewa kamar ganyen da ya ji rana.

Ga lissafin da mutane da yawa ba sa yi. Soja mai tsayin milimita 28 kusan kashi ɗaya ne cikin 56 na mutum. Wato ƙwayar yashi mai milimita 1 a wurinsa dutse ce mai kusan santimita 6, cikin tafin hannu. Tsakuwa mai milimita 5 kuwa ta kai girman ƙwarya. Shi ya sa in ka zuba yashin gini yadda yake, sai sojan ya zama kamar yana tafiya a kan tulin kankana. Abin da zai zama ƙasa dole ya yi laushi sosai, masu gwaɓin kuma 'yan kaɗan ne, nan da can.

Kayan aiki

Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, shi ne uwar tafiya. Sai supa gulu, da bekin soda, da reza ko wuƙar yankan kwali, da samfefa, da hantsaki, da tsinken sakace, da matacin shayi na ƙarfe. Burushi uku: ɗaya tsoho na shafa gam wanda ba za ka yi kukan rashinsa ba, ɗaya mai laushi na shimfiɗa fenti, ɗaya mai gajeren gashi mai tauri. Fenti kuwa akirilik ne, wanda ake sirkawa da ruwa, ana samunsa wurin masu kayan zane da na makaranta. Launi shida sun ishe ka: baƙi, fari, ruwan ƙasa, ja, rawaya da kore. Ka guji fentin mai na ƙofa da taga, yana da kauri, yana ƙyalli, ga jinkirin bushewa.

Na dutse akwai ɓawon itace busasshe, da allon kok mai laushin nan da ake soka takardun sanarwa a jiki, da garin POP na masu silin. Garin katako kuwa, ka leƙa wajen masu yankan katako a Kasuwar Katako da 'yar leda, abin da suke sharewa ne.

Yashi

Ɗebi yashin kogi ko na gini kamar gwangwanin madara biyu. Wanke shi a bokiti, kana zubar da ruwan har ya daina fitowa da laka, sannan ka shanya. In ya bushe ka soya shi a tsohuwar tukunya minti goma, don kashe ƙwayayen ƙwari da funfuna, musamman da damina. Bayan ya huce sai tankaɗe: wanda ya bi ta matacin shayi shi ne ƙasa, wanda ya tsaya a sama shi ne tsakuwa. Kowanne da gwangwaninsa.

Gargaɗi ga 'yan Filato musamman: kada ka ɗebo yashin da aka bari a wuraren wankin kuza, komai kyan baƙinsa da ƙyallinsa. Ragowar nan na ɗauke da ma'adinai irin su monazait, mai sinadarin toriyom da ke fitar da haskoki masu cutarwa. Ba abin da za ka soya a kicin ba ne, balle ka tankaɗe kana shaƙar ƙurarsa.

Jar marmara ana iya daka ta a tankaɗe, tana ba da kyakkyawan gari. Sai dai duk da launinta ya yi daidai, sai an yi mata fenti. Ƙasar gaske kusa da sojan fenti ba sa jituwa, ido na ganin bambancin nan take, kuma ba ta da inuwa da haske irin wanda burushi ke sa wa.

Shirya faifai da kafa duwatsu

Farin gam ba ya kama roba mai santsi. Yakan bushe kamar ya kama, bayan wata biyu sai ƙasar gaba ɗaya ta ɓanɓaro kamar ɓawon gyambo. Maganinsa ka goge saman faifan da samfefa, ka kuma tsattsaga shi da reza a gicciye. In faifan mai tsaga ne a tsakiya, liƙe tsagar da ɗan salatif na takarda.

Yanzu ɗora sojan ba tare da gam ba, ka zagaye sawunsa da fensir. Wurin nan nasa ne. Sauran filin ka raba shi a ido: babban abu ɗaya, matsakaita biyu, ƙanana 'yan kaɗan. Kada ka jera su daidai wa daida kamar duwatsun murhu, tara su gefe ɗaya ka bar ɗaya gefen ya sha iska.

Kok da hannu ake ɓantararsa, ba da wuƙa ba, domin gefen da ya yage shi ke kama da dutse. Laifinsa ɗaya, samansa a shafe yake kamar tebur, kuma kowa na gane shi. Ka ƙwaƙule saman da bakin reza, ko ka shafa masa ɗan kwaɓin POP, ko ka karkata shi kaɗan. Ɓawon itace ya fi shi ba da dutse mai hawa-hawa. Duwatsun Jos kuma mulmulallu ne, ruwa da iska sun cinye musu kusurwa, don haka in su kake so, mulmula kwaɓin ifoksi mai haɗi biyu irin su Milliput, ka danna masa dutsen gaske mai kaushi tun bai daskare ba don ya ɗauki zanen jikinsa, sannan ka tsaga shi sau ɗaya ko biyu da reza. Da ragowar kwaɓin kana iya tayar da ɗan suri, tsayin milimita 10 zuwa 15, ka huda masa ramuka da tsinke.

Na kango kuwa, kwaɓa POP, ka zuba a kan leda kaurin milimita 3, ka bar shi ya kwana. Da safe ka zana masa layin tayil da allura, ka farfasa. Kilif ɗin takarda da aka miƙe aka lanƙwasa shi ne rodin da ya leƙo daga kankare.

Da supa gulu ake kafa waɗannan. Inda aka sami giɓi tsakanin dutse da faifai, ɗiga gam ka barbaɗa bekin soda, nan take yake daskarewa kamar siminti. Yana ɗaukar zafi, kuma tururinsa na yaji a ido, don haka buɗe taga. Kada supa gulu ya haɗu da auduga, ita ma zafi take yi har da hayaƙi. Haka farin soson nan da ake sako talabijin a ciki: supa gulu da fentin feshi duk narkar da shi suke, sai an fara rufe shi da farin gam.

Game da tsayi, kada ka zarce. Wasanni da yawa da abin da soja ke iya hangowa ake hukunci, wanda ka ɗora a kan tsauni kowa na ganinsa daga ko'ina, ga saurin kifewa. Sojan gama-gari milimita 3 zuwa 5 sun ishe shi. Kwamanda ne ake yi wa alfarmar dutse.

Dasa sojan

Sojan da aka manna a kan yashi ba a jikin faifai yake ba, a jikin ƙwayoyin yashi yake, ranar da ya faɗo daga tebur ranar za su rabu. Ko dai ka manna shi a faifan tun kafin yashi, ko ka sa masa ƙusa. Ƙusar ita ta fi: huda tafin ƙafarsa da ɗan abin huda na hannu mai bakin milimita 1, zurfin milimita 3 zuwa 4, ka nufi cikin ƙwauri don kada bakin ya ɓullo ta gefe. Yanki kilif ɗin takarda, ka soka da supa gulu, ka bar kamar milimita 5 a waje. Huda dutsen har cikin faifai, ka gwada. Kada ka manna tukuna in dandamalin mai tarkace ne. Soka tsinken sakace a ramin don kada gam ya toshe shi, ka yi wa kowanne fentinsa daban, a haɗa su daga ƙarshe. In sojan na resin ne, wato wani irin roba mai tauri da saurin karyewa, jiƙa wurin kafin ka huda ko ka goge, ka sa takunkumi, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu.

Zuba ƙasa

Shafa farin gam yadda yake, ko da ɗigon ruwa kaɗan, a duk inda ƙasa za ta zauna, har ya ɗan hau gindin duwatsu don su zama kamar daga ƙasa suka tsiro. Fara da tsakuwa: ɗauki biyar ko shida da hantsaki ka ajiye a gindin dutse, inda ruwan sama zai tara su da a daji ne. Sannan ka tsoma faifan cikin gwangwanin yashi mai laushi, ka ɗaga, ka kife, ka ƙwanƙwasa bayansa. In ka fara da mai laushin, ya riga ya shanye gam ɗin, tsakuwa ba ta da wurin kamawa. Nan take ka zagaye bakin faifan da yatsa ka share duk abin da ya zubo, ka kuma cire wanda ya hau takalmin soja da tsinke. In ya bushe a nan sai reza.

Ba shi awa uku zuwa huɗu da rani. Da damina a Jos, lokacin da wanki ke kwana biyu a igiya, bar shi ya kwana.

Daga nan sai rufi, matakin da masu gaggawa ke tsallakewa su dawo suna cizon yatsa. Haɗa gam kashi 1, ruwa kashi 3, da ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke na ruwa. Sabulun ne ke sa ruwan ya ratsa cikin yashi maimakon ya taru a sama kamar raɓa a ganyen gwaza. Ɗiga shi da burushi, kada ka goga. In na farkon bai gama bushewa ba, wannan ruwan zai narkar da shi yashin ya zame. In an yi daidai, washegari za ka kankara da farce ba ƙwayar da za ta motsa.

Fentin share fage

Baƙi marar ƙyalli ya fi dacewa, domin duk lungun da burushi bai kai ba sai ya zama inuwa. In na gwangwanin feshi ne, girgiza shi minti biyu cur, ka fesa daga nisan santimita 20 zuwa 30, a gajerun wucewa, ba ka tsaya wuri ɗaya ba. Sanyin Jos na Disamba da Janairu na rage ƙarfin gwangwani ya riƙa tofi. Tsayar da shi cikin ruwa mai ɗumi minti biyar, mai ɗumi kawai, ba tafasasshe ba, kuma kada ka kai shi kusa da wuta. Ranar da hazo ya sauko, in ka fesa daga nesa fentin kan bushe tun a iska ya sauka kamar gari, ga ƙura da ke mannewa. Fesa a inda iska ba ta kaɗawa, ka kife kwali a kai. Wanda ba shi da na feshi ya sirka baƙin akirilik da ruwa ya shafa sau biyu.

Launin ƙasa da na dutse

Dubi sojan kafin ka zaɓi launi. Mai duhun kaya ƙasa mai haske yake so, mai kaya masu haske kuma ƙasa mai duhu. Soja mai shuɗi ko koren kaya yana fitowa fes a kan jar ƙasa. Mai jan kaya kuwa ɓacewa yake a kanta, shi ka ba shi toka ko baƙar ƙasar ƙunar daji.

Ga haɗin jar ƙasar Filato: ruwan ƙasa kashi 2, ja kashi 1, da ɗan taɓin rawaya. Sirka shi ya yi kaurin madara, ka shimfiɗa ya shiga ko'ina. Da hunturu akirilik kan bushe a faranti kafin ka juya, don haka shimfiɗa jiƙaƙƙen tishu a murfin roba, ka ɗora takardar gashin kek a kai, ka riƙa haɗa fentin a kanta.

In ya bushe sai ruwan inuwa: ruwan ƙasa da ɗan baƙi kashi 1, ruwa kashi 8 zuwa 10, ɗigon sabulu. Malala shi, zai gangara cikin ramuka da kansa. Inda ya taru ya yi tafki, tsotse shi da busasshen burushi, in ba haka ba zai bar zobe. Jira ya bushe ƙarau. Minti talatin ba asara ba ce.

Sai busasshen burushi, wanda shi ne ke ta da aikin gaba ɗaya. Ɗauki burushin nan mai tauri, ba ruwa ko ɗigo a jikinsa, ka taɓa fentin da ya fi na ƙasan haske, ka goge a kwali har ka ga kamar ba abin da ya rage. Gwada a bayan hannunka: in ya fito da zanen fata kawai, ya yi, in ya bar shafi, ci gaba da gogewa. Sannan ka riƙa share saman yashin da sauri, ba dannawa. Zagayen farko haɗin nan ne da ƙarin rawaya. Na biyu ka ƙara ɗan fari ya koma ruwan madara, hannu ya fi na farko sauƙi, a kan tsakuwa da tudu kawai. Kada ka haskaka ja da fari zalla, ruwan hoda zai ba ka.

Dutse kuma, yawanci baƙi da fari ake haɗawa a ce an gama, sai ya fito kamar siminti. Tsaya ka dubi dutsen Shere da kyau: akwai ruwan ƙasa a ciki, da ɗan ja-ja, da baƙin layi inda ruwa ke gangarowa, da tabon gansakuka. Saboda haka sa ɗan ruwan ƙasa a cikin tokarka tun farko. Bayan ruwan inuwa, ɗiga tsararren kore a wani gefe, tsararren ja a wani. Yi busasshen burushi hawa biyu daga sama zuwa ƙasa, na ƙarshen a kan kusurwoyi kaɗai. Ja siraran layuka biyu na ruwan inuwa daga saman dutsen zuwa gindinsa. A ƙarshe ka share gindin dutsen da takalman sojan da launin ƙasar, sama-sama. Wanda ya taɓa taka hanyar marmara da fararen takalma ya san dalili.

Ciyawa da ruwa

Ciyawa bayan fenti da banish take zuwa, ba kafinsu ba (banish shi ne ruwan kariya garau da ake sa wa a kan fenti, bayaninsa na nan gaba). Ta kanti takan zo da tsayin milimita 2, 4 ko 6. Ta gida kuwa igiyar buhu ce ko ta rama: warware ta, ka yanka milimita 5 zuwa 8, ka kama ɗan ƙulli da hantsaki, ka tsoma gindinsa a gam mai kauri, ka tsayar a gefen dutse. In ya bushe ka baje kan da tsinke, ka rage tsayin da almakashi ba daidai ba. Launinta na asali shi ne na ciyawar rani, ba ta bukatar komai. Ta damina sai a jiƙa igiyar cikin tsararren kore da ɗan rawaya tun kafin a yanka. Garin katako da aka tankaɗe aka rina yana ba da gajeriyar ciyawa, busasshen ganyen shayin da aka riga aka dafa kuma ganyayen da suka zube ne. Ƙulli biyu ko uku sun ishi faifan milimita 32. Koren da ya fito daga kwalba kai tsaye ya cika ihu, kashe shi da ɗan ruwan ƙasa.

Kududdufi tun wajen zuba yashi ake bar masa fili. Zurfinsa fenti ne ke yinsa: tsakiya mai duhu, kore-kore irin na ramin kuza, baki-baki kuma ya koma launin laka. Ruwan kansa ifoksi ne na ruwa, ba na kwaɓi ba, mai haɗi biyu wanda ke bushewa garau. Auna biyun daidai, ka juya a hankali don kada kumfa ta shiga, ka ɗiga da tsinke kaurin da bai wuce milimita 1 ko 2 ba. In ma'aunin ya karkace, zai yi ta danƙo har abada. Kife kofi a kai ya kwana.

Baki, banish da maganaɗisu

Bakin faifan ka yi masa launi ɗaya, baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, shafi biyu, kuma rundunar gaba ɗaya iri ɗaya. Wannan kaɗai na sa sojoji talatin su zama 'yan gida ɗaya. Shi ya sa ma ya fi kyau ka yi goma-goma a lokaci guda, ka kuma rubuta ma'aunin haɗin fentinka a takarda, domin bayan wata shida ba za ka tuna ba.

Banish marar ƙyalli ake sa wa, bayan fenti, kafin ciyawa da ruwa. In ya hau ifoksi sai kududdufin ya dushe. Kada ka fesa shi ranar da hadari ya haɗu ko da sassafe mai raɓa, laima na sa shi ya bushe fari-fari kamar an barbaɗa gari. Gwada a faifai ɗaya tukuna. In ta riga ta faru, shafin banish mai ƙyalli a kai yakan gyara, sannan a maimaita marar ƙyallin ranar da gari ya bushe.

Faifan kamfani yana da rami a ƙasansa. Manna ɗan maganaɗisu mai faɗin milimita 5 da kaurin 2 a ciki da supa gulu. In ramin ya fi shi zurfi, sa ɗan kwaɓin ifoksi, ka danna faifan a kan tebur mai leda don maganaɗisun ya zo daidai da baki. Sojan ƙarfe mai nauyi biyu yake so. Daga nan gwangwanin biskit na ƙarfe ya zama akwatin tafiya: jera su a tsaye, kowa ya kama ƙasan gwangwanin, ko a Keke Napep ka bi da su ba mai gogar wani. Wajen cirewa, kama faifan ka zame shi gefe, kada ka finciko sojan ta ka.